Wa Ke Raɗa wa Rana Suna?

Ranar Alhamis 28 ga Oktoba 1993 aka buga wasannin ƙwallon ƙafa uku lokaci guda a birnin Doha. Ƙasashen Asiya shida ne suka taru a Katar, kowacce ta kara da kowacce, biyu kacal kuma za su samu gurbin zuwa gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka. Da aka wayi gari Japan ce a saman teburi, ga shi ba ta taɓa zuwa gasar ba, abin da ya rage mata kawai ta ci Iraƙi a filin Al-Ahli. Minti 5 da take wasa Kazuyoshi Miura ya zura ƙwallo. Ahmed Radhi ya farke bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, Masashi Nakayama ya sake sa Japan a gaba. Minti 90 ya cika, Iraƙi ta samu bugun kusurwa. Maimakon a ɗago ƙwallon tsakiya kai tsaye, sai aka gangara ta ga na kusa, ya yanke mai tare shi, sannan ya ɗago ta; Jaffar Omran ya sa mata kai, ta bi ta sama ta faɗa raga. 'Yan wasan Japan suka zube a kan ciyawa. A wani filin na cikin gari kuwa Koriya ta Kudu ta riga ta ci Koriya ta Arewa 3 da nema, 'yan wasanta na shirin fita jiki a sanyaye, don sun san nasarar ba za ta amfane su ba muddin Japan ta ci nata wasan. Sai labari ya iso cewa an tashi 2 da 2. Maki ya zo ɗaya, bambancin ƙwallaye ya ba Koriya gurbin, ta bi Saudiyya zuwa Amurka.

Har yau duk ƙarshen Oktoba ana tuna wannan yammaci a ƙasashen biyu, amma da suna daban-daban. Japanawa na ce masa Musibar Doha, Koriyawa na ce masa Al'ajabin Doha. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Faɗuwar wani ai tashin wani ce. Abin lura shi ne Iraƙi, wadda ɗanta ya ci ƙwallon, ba ta da rabo a ko ɗaya daga cikin sunayen nan. Kunnen dokin bai kai ta ko'ina ba, ita ma gida ta koma, ƙasar da ke ƙarƙashin takunkumi shekara biyu bayan yaƙin Tekun Fasha. A labarin Japan, Omran hannun ƙaddara ne. A labarin Koriya, ɗan aike ne da ya kawo alheri. A duka biyun ba a ba shi matsayin mutumin da ke da nasa labarin ba. Daga nan maganata ta tashi. Mun saba ɗauka cewa shafin "rana irin ta yau" da jaridu da gidajen rediyo ke kawowa ajiyar tarihi ce tsagwaronta, ga kwanan wata ga abin da ya faru. Ni a ganina, kafin rana ta shiga wannan shafi an riga an yanke mata hukunci sau biyu: wani ya zaɓe ta daga cikin kwanakin shekara, wani kuma ya raɗa mata suna. Hausawa sun ce suna linzami. Wanda ya riƙe shi shi ke juya akalar abin da za a tuna da abin da za a bari a waje.

Mai musu zai ce wannan faɗaɗa magana ce kawai. Sakamako sakamako ne, 2 da 2 ba za ta canza ba ko da wane suna aka kira ta, suna kuwa ado ne na 'yan jarida masu neman kanun labari. Gaskiya ne lambar ba ta canzawa. Sai dai a dubi abin da sunan ya yi wa Japan a shekaru kusan talatin da suka biyo baya. A shekarar ce, cikin watan Mayu, aka buɗe gasar ƙwararru ta ƙasar, kuma jama'a sun sa rai Doha za ta zama shaidar cewa sun iso. Da abin ya sha ruwa, sunan Musiba ya mayar da wasa ɗaya ya zama bashi a wuyan ƙasa. Ranar 16 ga Nuwamba 1997 suka ci Iran a Johor Bahru ta Maleshiya suka samu gurbin farko, suka kira ranar Farin Cikin Johor Bahru, suna da ba shi da ma'ana sai ga wanda ya san na farkon. Tun daga 1998 ba su sake rasa gasar ba. A watan Janairun 2011 suka ɗauki kofin Asiya a cikin Doha ɗin, bayan sun ci Ostareliya 1 da nema, amma tsohon suna bai gushe ba, domin bashin na kofin duniya ne, kofin nahiya bai biya shi ba. Sai a 2022, da Hajime Moriyasu, wanda yana cikin waɗanda suka buga wasan 1993, ya dawo birnin a matsayin koci, ya ci Jamus 2 da 1 ranar 23 ga Nuwamba, ya maimaita wa Sifaniya ranar 1 ga Disamba, duka a filin Khalifa, sannan sunan Farin Cikin Doha ya zama ruwan dare a kafofin labaran Japan. Tsakanin nasarorin biyu Kosta Rika ta ci su, daga baya Kuroshiya ta fitar da su a bugun fenareti. Waɗannan wasanni ba su samu laƙabi ba, don haka sannu a hankali suna zamewa daga bakin mutane. Abin da ado ne kawai ba ya yin irin wannan aiki.

Mu ma muna da namu, can ƙetaren iyaka kaɗan daga Katar. Ranar 25 ga Fabrairu 1989, a gasar matasa ta duniya a Saudiyya, Tarayyar Sobiyet ta sa Flying Eagles a gaba da ci 4 da nema a garin Dammam, yaran koci Tunde Disu suka farke duka huɗun a rabin sa'a na ƙarshe, suka kuma yi nasara a bugun fenareti. 'Yan Najeriya suka kira abin Al'ajabin Dammam, kuma ba wanda zai zo ya yi jayayya da sunan, tun da ƙasar da aka ci ta wargaje kafin a cika shekara uku. Wasa ne da ya cancanci a tuna. Damuwata da kalmar ce. Idan aka ce abu al'ajabi ne, an rufe ƙofar tambaya. Ba a tambayar al'ajabi dalili, balle a ce a koya wa na baya yadda ake yin sa. Sunan yana tuna ƙwallaye huɗun da aka farke, ya yafe huɗun da aka sha tun farko, ya kuma lulluɓe wasan ƙarshe da Fotugal ta ci mu 2 da nema. Ya kuma lulluɓe abin da ya zo a ƙarshen wannan shekarar, lokacin da FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin shekarun haihuwa a takardun wasu 'yan wasa, ta kuma janye mata damar karɓar baƙuncin gasar 1991. Aka sake ba ta ta 1995, aka sake janyewa ana dab da farawa bisa fargabar annoba, har da sanƙarau. Ina aka kai gasar? Doha. Katar ta shirya ta cikin ƙurarren lokaci, Ajantina ta ci Burazil 2 da nema a wasan ƙarshe. Sai a 1999 Kano da Kaduna da Bauchi suka ga gasar a filayensu. Ga Katar, 1995 tsani ne a hanyar da ta kai ta ga 2022. A wajenmu ba ta da suna, ba ta da ranar tunawa, kuma da wuya ka ji ta a shirin wasanni. Japan ta raɗa wa kunyarta suna ta rataya a bango. Mu abin alfaharinmu kaɗai muka raɗa wa.

Ba haka kakanninmu suka yi ba, kuma a nan ne maganar ta fi ba ni sha'awa. Kafin kalanda ta shiga kowane gida, Bahaushe da aukuwa yake ƙirga shekara, kuma yawanci ba da aukuwar daɗi ba. Tsoho zai ce an haife shi shekarar fari, ko shekarar da aka yi kusufin rana, ko shekarar zuwan Nasara. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta samu suna Ƙaƙalaba. Hausawan Nijar suka kira yunwar 1984 El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe kan iyaka da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta yi, hatsi ya daina tsallakawa yadda aka saba. Larabawa ma haka suke tun daga Shekarar Giwa, kuma mutanen gaɓar Tekun Fasha, har da na Katar, suna da Shekarar Nutsewa, wato 1925, da guguwa ta kifar da jiragen masu nutso neman lu'ulu'u. Sunaye irin waɗannan ba hukuma ce ke zartar da su ba. Daga bakin waɗanda abin ya ci suke fitowa, su yaɗu a kasuwa da bakin rijiya, kuma sau da yawa akwai zambo ko habaici a cikinsu, abin da ba ka samu a sanarwar gwamnati. Sannan ba sa bukatar kwanan wata. Yunwa ba ta da ranar farawa. Rumbu yana raguwa ne dami-dami har a wayi gari ana tonon gidan tururuwa. Sunan shekara yana iya ɗaukar irin wannan doguwar wahala. Ranar tunawa ta kalanda kuwa sai abin da ya faru farat ɗaya take iya ɗauka: ƙwallo ta shiga raga, an sa hannu a takarda, an harbi wani, an ɗaga tuta. Shi ya sa wasanni suka cika shafin "rana irin ta yau" maƙil. Ba don sun fi muhimmanci ba ne, don dai su ne ke zuwa da kwanan wata da minti da sunan wanda ya yi.

Katar ta fahimci wannan fiye da ƙasashe da dama. Ranar 3 ga Satumba 1971 ta samu 'yanci daga Birtaniya, kuma shekaru da yawa ita ce ranar da ake biki. A 2007 aka mayar da Ranar Ƙasa zuwa 18 ga Disamba, don tunawa da hawan Shaihu Jasim bin Muhammad Al Thani mulki a 1878, shi ne wanda ya yi galaba a kan rundunar Daular Usmaniyya ta Turkawa a Wajba a 1893. Ma'anar canjin a fili take. Ranar Satumba tana cewa ƙasar ta fara ne sa'ad da Bature ya sake ta; ranar Disamba tana cewa da ma tana nan, kuma gidan da ke mulki yau shi ne ya kafa ta. (Ba laifi a ƙara da cewa fareti a bakin teku ya fi daɗi a sanyin Disamba fiye da tsananin zafin farkon Satumba.) Daga nan sai aka shiga ɗora wa ranar kaya. A ranar aka buga wasan ƙarshe na kofin Larabawa a 2021, Aljeriya ta ci Tunisiya. A ranar aka buga wasan ƙarshe na kofin duniya a 2022. A ranar kuma Real Madrid ta ci Pachuca ta ɗauki kofin nahiyoyi a 2024. Filin da aka buga biyun ƙarshe yana Lusail, arewa da Doha, garin da Shaihu Jasim ya rasu a 1913 kuma aka binne shi.

A dubi daren 2022 da kyau. Mutum 88,966 a fili, an tashi 3 da 3, Kylian Mbappe ya ci uku shi kaɗai amma bai ɗauki kofi ba, Emiliano Martinez ya miƙe ƙafar hagu ya tare ƙwallon Kolo Muani a daƙiƙun ƙarshe, Ajantina ta ci 4 da 2 a fenareti. Kafin Lionel Messi ya taɓa kofin, Sarki Tamim bin Hamad ya ɗauko baƙar alkyabba shara-shara mai bakin zinare, wadda Larabawa ke kira bisht, ya taimaka masa ya zura hannuwa, ya gyara masa ita a kafaɗa. Masu sharhi da dama a Turai suka yi ƙorafin an rufe rigar Ajantina a lokacin da ya fi kowane daraja. Wanda ya taɓa ganin naɗi a fadar Kano ko Katsina ko Damagaram ba ya bukatar tafinta: yafa alkyabba girmamawa ce, amma kuma mai yafawa shi ne babba, wanda aka yafa wa ya shiga inuwarsa. Hoton da duniya za ta riƙa fitowa da shi duk 18 ga Disamba ke nan, gwarzon ƙwallon zamaninsa sanye da tufar mai masauki, a ranar mai masauki, a garin da kakan mai masauki yake kwance. Ƙungiyar Katar ta sha kashi a duka wasanninta uku a gasar, amma ranar ta ƙare a hannunta.

Za a ce, to mene ne aibu? Kowace ƙasa tana zaɓar ranakunta, kuma wanda ya kashe dukiyarsa ya tara duniya a gidansa yana da haƙƙin ya sa hatiminsa. Na yarda da rabin wannan. Najeriya ma a 2018 ta ɗauke Ranar Dimokuraɗiyya daga 29 ga Mayu ta kai ta 12 ga Yuni, aka ce zaɓen 1993 da aka soke ya fi cancanta da sunan fiye da miƙa mulki na 1999. Ranar 18 ga Disamba ɗin nan ita ce Ranar Jamhuriya a Nijar tun daga 1958, kuma da aka riƙa zagayawa da bikin jiha-jiha, sai da kowane gari ya samu kirarinsa, Maraɗi Kwalliya, Zinder Sabuwa. Zaɓe ba makawa ne, ba a iya tuna komai. Sai dai mun san daga gida cewa hukuma na iya sa wa rana suna, jama'a su ci gaba da kiran ta da wani. A takarda, 15 ga Janairu ranar tunawa da 'yan mazan jiya ce, don a ranar aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. A Sakkwato da Kaduna da Bauchi, ranar da aka kashe Sardauna aka kuma ɗauke Tafawa Ɓalewa ce, a 1966. Ana ajiye furanni a Abuja, ana addu'a a Arewa, rana ɗaya. Don haka tambayar da ta dace ba ita ce ko an yi zaɓe ba. Tambayar ita ce wa ke da bakin da zai kira ranar da wani suna idan na hukuma bai ishe shi ba.

A nan rabin da ban yarda da shi ba yake. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 18 ga Disamba tun shekara ta 2000 a matsayin ranar 'yan ci-rani ta duniya, saboda a irin ranar a 1990 aka amince da yarjejeniyar kare haƙƙin ma'aikata baƙi da iyalansu. Katsaham ne ranakun suka haɗu, ba wanda ya shirya, amma haɗuwar ta faɗo a ƙasar da 'yan asalinta tsiraru ne, baƙi kuwa su ne suka haƙa ramin jirgin ƙasa na ƙarƙashin Doha, suka ɗaura ƙarafan Lusail, suka tsaya gadi a ƙofofi, daga Nepal da Indiya da Bangaladash, daga Kenya da Uganda da Ghana. Nawa ne suka mutu? A Fabrairun 2021 jaridar Guardian ta Birtaniya ta ce sama da mutum 6,500 daga ƙasashe biyar na kudancin Asiya sun rasu a Katar cikin shekaru goma bayan an ba ta gasar a ranar 2 ga Disamba 2010. Adadin ya haɗa kowace irin mutuwa da kowace irin sana'a, kuma hukumomin Katar sun yi watsi da yadda aka fassara shi. Masu shirya gasar suka ce mutum 3 ne suka rasu ta dalilin aiki a wuraren gina filaye, wasu 37 kuma ba ta dalilin aiki ba. Ana tsakiyar gasar, Hassan Al Thawadi, babban sakataren kwamitin shirye-shiryen, ya ambaci tsakanin 400 zuwa 500. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan ta fi kowace ɗaya daga cikinsu faɗar gaskiya. Mun san mintin da Omran ya sa kai a 1993, mun san ƙafar da Martinez ya miƙe, amma mutuwar lebura wanda ya yini a rana, ya kwanta a masauki bai farka ba, aka rubuta a takarda cewa zuciya ce ta tsaya, ba ta da minti, ba ta da mai sharhi. Irin wahalar nan ce ta dami-dami, wadda sunan shekara ke iya ɗauka, ranar kalanda ba ta iyawa.

Adalci ne a faɗi cewa an yi gyara. A 2020 aka cire sharaɗin sai da izinin uban gida kafin ma'aikaci ya canza aiki, a Maris 2021 mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata ya fara aiki, aka kuma tsawaita hana aiki a fili da tsakar rana lokacin bazara. Ana iya cewa ma hayaniyar ƙwallon ce ta jawo idon duniya har aka yi waɗannan, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma abin da ya sa Ƙaƙalaba da El-Buhari suka rayu shi ne waɗanda suka sha wahalar sun zauna wuri ɗaya, harshe ɗaya, suna maimaita sunan ga 'ya'yansu. Leburorin Doha kuwa kwangila na ƙarewa kowa ya hau jirgi, wannan Katmandu, wancan Daka, wancan Nairobi, ba harshe ɗaya, ba dandali ɗaya, ba jaridar da za ta ware musu shafi duk shekara. A Mayun 2022 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, ciki har da Amnesty, suka nemi FIFA ta ware aƙalla dala miliyan 440 don biyan diyya ga ma'aikatan da iyalan mamatan, suka ce sun ɗauki adadin ne daidai da kuɗin ladan da za a raba wa ƙungiyoyi 32 na gasar. An raba ladan yadda aka tsara, Ajantina ta karɓi dala miliyan 42. FIFA ba ta kafa asusun diyyar da aka nema ba.